Suruki a Sawun Suruki: Lissafin Doki da na Zumunta a Yaƙin Basasar Amurka

Ranar 13 ga Yunin 1862, labari ya iso wa Birgediya Janar Philip St. George Cooke cewa mahayan 'yan Kudu sun afka wa masu gadinsa a wani ƙauye da ake kira Old Church, arewa maso gabas da birnin Richmond, hedikwatar Kudu, sun kuma nausa bayan rundunar Tarayya, wato ta gwamnatin Amurka. Cooke ne ke riƙe da sojan dokin ko-ta-kwana na wannan ɓangare, don haka bin sawun maharan ya faɗo a wuyansa. Wanda ke jagorantarsu kuwa shi ne James Ewell Brown Stuart, wanda aka fi sani da Jeb Stuart, matashi ɗan shekara 29, mijin 'yarsa Flora.

Cooke bai cim masa ba. Stuart ya kewaye rundunar Janar George McClellan na Tarayya gaba ɗaya da mahaya 1,200, tafiyar kimanin kilomita 160 cikin kwana huɗu, ya koma gida da fursunoni 165 da dawaki da alfadarai 260, mutum ɗaya tak ya rasa. Tun daga lokacin ake ta raɗe-raɗin cewa dattijon ne ya yi sanyin ƙafa da gangan don kada ya mayar da 'yarsa gwauruwa. Zancen na da daɗin faɗi, amma duk wanda ya san yadda ake tafiyar da dawaki dubu a kan hanya ɗaya ba ya bukatarsa. Abin da ya hana Cooke kama surukinsa yana cikin lissafin harawa da kofato da rahoton ƙarya. Zumuntar ta sha wahala ƙwarai, sai dai ta wata ƙofa dabam.

Yaƙin ya ɓarke ne a Afrilun 1861, bayan zaɓen Abraham Lincoln ya sa jihohin Kudu, goma sha ɗaya a ƙarshe, suka ɓalle don kare tsarin bauta da ke riƙe da mutane kusan miliyan 4. Sojan Amurka na lokacin ƙarami ne, hafsoshinsa ba su wuce dubu da ɗan ɗoriya ba, kuma rejimantin mahaya biyar ne kacal. Yawancinsu makaranta ɗaya suka yi a West Point, barikoki ɗaya suka zauna a dajin yamma, suna auren 'ya'yan juna da ƙannen juna. Rejimanti na Biyu kaɗai ya isa misali: Robert E. Lee da Albert Sidney Johnston da John Bell Hood da Fitzhugh Lee duk daga cikinsa suka tafi Kudu, George Thomas kuwa, ɗan Virginia kamar Lee, ya tsaya da Tarayya, 'yan'uwansa mata suka juya hotonsa ya fuskanci bango, ba su sake shiri da shi ba.

Gidan Cooke ya tsage ne a tsakiya. Shi kansa haifaffen Virginia ne, ya kammala West Point a 1827, ya shafe kusan shekara 30 a kan sirdi, shi ne ma ya rubuta wa sojan dokin Amurka sabon littafin dabarun yaƙi. Ya ƙi saɓa rantsuwarsa. Ɗansa John ya koma Kudu, ya zama janar na dakaru, aka yi masa rauni sau bakwai. 'Yarsa Maria na auren Dakta Charles Brewer, likitan sojan Kudu. Julia na auren Jacob Sharpe, hafsan Tarayya. Flora kuwa ta auri Stuart a barikin Fort Riley a Nuwamban 1855, lokacin yana ƙaramin laftanar. Da Stuart ya ji matsayin da surukinsa ya ɗauka, ya rubuta cewa dattijon sau ɗaya zai yi nadama, amma nadamar ba za ta yanke ba. Bai tsaya nan ba. Ɗansa da aka haifa a 1860 sunan kakan ya ci, Philip St. George Cooke Stuart. Ya sa aka cire sunan, aka mayar wa yaron da nasa.

Abin da doki ke ci, da abin da ke cinye doki

Hafsan sojan doki kafin ya zama mayaƙi, mai kiwo ne. Ƙa'idar sojan Tarayya ta ware wa kowane doki fam 14 na busasshiyar ciyawa da fam 12 na hatsi a rana, wato kusan kilo 12 a haɗe, ban da ruwa wajen lita 40. Dawaki dubu ke nan na cinye kusan tan 12 kullum. Keken kaya mai alfadarai shida, a kan hanyar taɓo irin ta Virginia, da ƙyar yake jan abin da ya wuce tan ɗaya, su alfadaran kuma daga cikin kayan suke ci. Da zarar runduna ta yi nisa da layin dogo ko tashar jirgin ruwa, ciyawa ce ke fara yankewa saboda girmanta, a bar doki da hatsi zalla. Doki kuwa cikinsa na neman abin da zai cika shi. Idan babu, sai ya rame, ya riƙa cin ɓawon itace da jelar ɗan'uwansa a turke, ciwon ciki ya biyo baya. A sake shi a ɗanyar ciyawa, yana bukatar awanni da dama yana kiwo, awannin da ba ya tafiya kuma ba ya aiki.

Ramar ita ce mafarin babbar matsala. Mahayi da sirdinsa da bargo da makamai da guzuri sukan haura kilo 100. An gwada sirdin ne a bayan doki mai ƙiba, to da ya rame sai ƙashin gadon bayansa ya fito, sirdi ya sauka a kansa ya fara gugarsa. Kwana biyu ko uku sai kumburi, daga nan sai miki, kuma doki mai miki a baya ya fita aiki na makonni. Ga takalmin ƙarfe da ake bugawa a kofato, wanda sai an sabunta bayan mako huɗu zuwa shida. Idan ɗaya ya fita a hanya mai duwatsu babu maƙeri a kusa, kafin yamma dokin ya fara ɗingishi. Ga ruɓar dugadugai da tsayuwa cikin taɓo ke jawowa, wadda ta gurgunta dawakin ɓangarorin biyu a ƙarshen 1862. Ga wata cutar majina mai yaɗuwa da ba ta da magani sai harsashi.

Shi ya sa hafsan da ya san aikinsa ba ya barin sukuwa a hanya. Tafiyar doki ta yau da kullum kilomita 6 ce a awa, sassarfa ta ninka haka, sukuwa kuwa ta 'yan mintoci ce. Akan tsaya minti goma a kowace awa a duba majayi a gyara shimfiɗar sirdi, a kuma sa mutane su sauka su ja dawakin da ƙafa lokaci-lokaci don baya ya sha iska. A haka ana iya cin kilomita 30 zuwa 40 kullum ba tare da asara ba. Ana iya ninka wannan, amma da dawaki za a biya. Sabbin rejimantocin Tarayya, waɗanda yawancinsu 'yan birni ne da manoman da suka saba da dokin noma, ba su san wannan ba. A shekara biyun farko an raba wa sojan dokin Tarayya dawaki kimanin 284,000, alhali mahayan da ke fage ba su taɓa wuce 60,000 ba. Ba harsashin abokan gaba ne ya kashe yawancinsu ba.

Sai kuma hanya. Mahaya na tafiya huɗu-huɗu ne idan hanya ta yi faɗi, bibbiyu idan ta matse, kuma kowane sahu na cin wajen mita huɗu. Mutum 1,200 a jere huɗu-huɗu sun kai tsawon kilomita ɗaya da ɗoriya, a bibbiyu kuwa ninki biyu. Duk wata gada ko mashigi na nufin na gaba ya tsaya, na baya ya taru, sannan a sake miƙewa.

Da wannan a rai, a sake duba kwanaki huɗun nan. Robert E. Lee ya karɓi jagorancin rundunar Kudu ranar 1 ga Yunin 1862, yana son sanin abu ɗaya: shin gefen dama na McClellan, wanda ke arewa da kogin Chickahominy a ƙarƙashin Janar Fitz John Porter, ya jingina da wani abu, ko a sake yake yadda za a iya zagayowa a buge shi? Stuart ya zaɓi mutanensa da dawakinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki igwa biyu, ya tashi tun kafin asubar 12 ga wata. Ya nufi arewa kamar mai tafiya wani wuri dabam, ya kwana ba wuta ba busa ƙaho. Washegari ya juya gabas. A kusa da Old Church ya ci karo da wani yanki na Rejimanti na Biyar, wanda shi ne tsohon Rejimanti na Biyu da aka sauya wa lamba. A nan Kyaftin William Latané ya sari kwamandan 'yan Tarayya da takobi, shi kuma ya harbe shi da libarba, ya zama gawa ɗaya tilo ta wannan tafiya. Fitzhugh Lee ya nemi izini ya ƙona sansanin, ya tarar da fursunonin tsofaffin yaransa ne, suna gaishe shi da sunansa.

Stuart ya samu amsar tambayar Lee: gefen a sake yake. Komawa ta hanyar da ya biyo na nufin faɗawa hannun masu jiransa, don haka ya zaɓi ya ci gaba ya zagaye rundunar duka. Ya ratsa tashar jirgin ƙasa ta Tunstall, ya kwana yana tafiya cikin farin wata.

Shi kuma Cooke me ke hannunsa? McClellan ya riga ya yayyanka sojan dokinsa ya raba wa janar-janar na dakaru su zama 'yan rakiya da 'yan aike, abin da ya rage wa Cooke a wuri ɗaya bai kai yawan maharan ba. Wani laftanar ya kawo masa rahoto cewa ya hango dakaru masu yawa tare da mahayan, alhali babu ko ɗaya. Porter ya umarce shi da kada ya tunkari ƙarfin da ya fi nasa. Sai ya jira dakaru, ya ɗaura tafiyarsa da tasu. Mai tafiya da ƙafa ba ya kama mai doki da ya riga shi tashi da awanni. Laifin Cooke na gaskiya shi ne bai tura 'yan leƙen asiri kaɗan a kan dawaki masu ƙarfi sun tantance rahoton nan take ba, kuma wannan kuskure ne babba ga mutumin da ya rubuta littafin aikin. Amma kuskuren dattijo ne da ya saba da yaƙin fili a yamma, aka jefa shi cikin kurmi da fadama ba taswirar kirki.

A ɓangaren Stuart, zumunta ce ta zame masa taswira. Cikin mutanensa akwai 'yan asalin gundumomin da yake ratsawa, sun san kowace 'yar hanya. Wani laftanar ya kai shi wani mashigi a gonar gidansu da asubar 14 ga wata, sai aka tarar kogin ya cika ya batse. Gaba kura, baya siyaki. Aka gangara ƙasa kaɗan zuwa Forge Bridge, inda gadar ta ƙone amma ginshiƙanta na dutse na tsaye. Aka rushe wani tsohon sito da ke kusa aka ɗebi katakonsa, cikin awa uku aka shimfiɗa gadar da ta ɗauki igwa. Na ƙarshe na hayewa aka cinna mata wuta, jim kaɗan mahayan Tarayya na farko suka ɓullo a ɗaya gaɓar.

Mako biyu bayan haka, ranar 27 ga Yuni, Lee ya yi amfani da labarin ya buge Porter a Gaines's Mill. A nan ne Cooke ya yi abin da ya rufe aikinsa a fagen fama, kuma ya nuna ba tsoro ko tausayi ke damunsa ba. Da magariba layin Porter ya fara karyewa, igwoginsa na shirin faɗawa hannun abokan gaba. Cooke ya umarci mahayan Rejimanti na Biyar, kusan 250, su kai farmaki da takobi.

Farmakin doki na da sharuɗɗa. Ana farawa da tafiya, a shiga sassarfa, ba a sakin linzami sai a 'yan mitocin ƙarshe, domin a isa a dunƙule gwiwa da gwiwa, dawaki da sauran numfashi. Ƙasa ta kasance mai tauri, babu shinge ko kwari da zai tsinka sahu. A ajiye wasu a baya, saboda ko an yi nasara sahu kan wargaje, kuma duk wanda ya shigo da sabon rukuni a ƙarshe shi ke da filin. Mafi muhimmanci, waɗanda za a afka wa su zama sun riga sun ruɗe ko suna gudu. Dakarun da ke tsaye da bindigogi masu zare a cikin bututu suna iya samun doki tun daga mita 200 zuwa 300, suna harbi sau biyu ko uku a minti, doki kuwa ba ƙaramin abin bara ba ne. Mutanen da Rejimanti na Biyar ya tunkara masu nasara ne, cikinsu har da dakarun Hood, tsohon laftanar ɗin rejimantin. Fiye da mutum 50 suka zube, cikin hafsoshi bakwai ɗaya ne ya dawo lafiya, dawakin da suka rasa mahaya suka juyo a firgice ta cikin igwogin da aka je karewa. Porter ya ɗora wa Cooke alhakin asarar igwogin. Wasu hafsoshi, irin su Wesley Merritt, sun dage cewa farmakin ya sayi 'yan mintocin da suka ceci wasu. Ko ma wane ne da gaskiya, Cooke ya bar wannan runduna cikin makonni, sauran yaƙin ya yi shi a kan tebur.

Ranar da takobi ya yi aiki

Yawancin faɗan sojan doki a wannan yaƙi a ƙasa aka yi shi. Ana ƙirga mutane huɗu-huɗu, uku su sauka da gajerun bindigoginsu su shiga bayan shinge ko itatuwa, na huɗu ya ja dawaki huɗun zuwa wurin da harsashi ba ya kaiwa. Kwamanda mai mutum dubu, 750 ke nan yake da su a layi, kuma idan abokan gaba suka gano inda dawakin suke suka tarwatsa su, ya zama shugaban dakaru marasa takalmin tafiya. Da wannan dabara John Buford, janar na mahayan Tarayya, ya tsayar da dakarun Kudu na awanni a safiyar farko ta gumurzun Gettysburg.

Arangamar da aka yi a Brandy Station ce ta fita dabam. Ranar 9 ga Yunin 1863 mutum kusan 20,000, yawancinsu a kan dawaki, suka gwabza yini guda, faɗan mahaya mafi girma da aka taɓa yi a nahiyar. Stuart ya gajiyar da dawakinsa da faretin nuna isa ranar 5 da ranar 8 ga wata, ya kwanta bai san Janar Alfred Pleasonton na Tarayya yana tsallaken kogin Rappahannock da mutum 11,000 ba. Buford ya haye mashigin Beverly cikin hazon asuba. Wanda ke gaban sahunsa, Kanar Benjamin Davis, ɗan Kudu ne, tashin Mississippi, da ya zaɓi Tarayya, kuma yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Rukuni na biyu a ƙarƙashin David Gregg ya makara a mashigin Kelly saboda wani ɓangarensa ya ɓata hanya da dare. Wannan makara ita ce ta ceci Stuart, don da an buge shi gaba da baya a lokaci guda da labarin ya sha bamban.

Duk da haka Gregg ya kusa kama tudun Fleetwood, wanda ke bayan Stuart kuma babu kowa a kai sai magatakardan Stuart ɗin, Manjo Henry McClellan, da igwa ɗaya da harsashinta ya kusa ƙarewa. Ya sa aka riƙa harba ta a hankali, Gregg ya ɗauka akwai runduna a wurin, ya tsaya shiri, kafin nan mahayan Kudu sun iso a sukwane. Wannan Henry haifaffen Philadelphia ne, ɗan baffan Janar George McClellan, 'yan'uwansa na ciki ɗaya kuma na sanye da kakin Tarayya. Abin da ya biyo baya a kan tudun shi ne farmaki a kan farmaki, rejimanti na kora rejimanti, sabo ya shigo ya kori mai korar, cikin ƙurar da ta hana a bambance shuɗin kaki da toka-toka. A irin wannan cakuɗa libarba na da harbi shida, kuma ba a sake ɗura ta a kan doki mai gudu, shi ya sa takobi ya dawo da martabarsa na yini ɗaya. Tarayya ta yi asarar mutum wajen 900, Kudu 500 da ɗoriya. Filin ya zauna a hannun Stuart, amma ranar ce mahayan Tarayya suka gane za su iya.

A wannan yini Wade Hampton, janar na mahayan Kudu, ya rasa ƙanensa Frank. An kuma harbi Rooney Lee, ɗan Robert E. Lee, a cinya, aka kai shi jinya gidan dangin matarsa a Hickory Hill. Gidan na cikin yankin da mahayan Tarayya ke iya kaiwa, kuma sun kai: ranar 26 ga Yuni suka ɗauke shi a kan katifa a gaban matarsa Charlotte. Aka riƙe shi a matsayin garkuwa saboda wasu kyaftin biyu na Tarayya da Kudu ke barazanar kashewa. Charlotte, wadda 'ya'yanta biyu suka riga suka rasu suna jarirai, ta mutu a Disamba yana tsare.

Wannan shi ne bambancin hafsan doki da sauran sojoji a yaƙin gida. Aikinsa kai hari a bayan layi ne: ƙona tashoshi, tsinke waya, kwashe dawaki da hatsi daga gonaki. Bayan layin kuwa nan ne iyalai suke, nasa da na abokin karatunsa. A Kudu ma har dokin daga gida yake fitowa. Gwamnatinsu ba ta ba da doki, kowa da nasa yake zuwa, a biya shi santi 40 a rana. Idan an kashe dokin a fagen fama a biya kuɗinsa, idan kuwa yunwa ko cuta ko gajiya ce ta kashe shi, asarar mai shi ce. Sai ya koma gida ya nemo wani, in ya kasa a mayar da shi dakare. A farkon yaƙi tsarin ya ba Kudu mahaya ƙwararru a kan dawakin da suka sani. Daga baya ya zama rami: a kowane lokaci wani kaso mai yawa na rejimanti na kan hanyar gida neman abin hawa, gonakin iyayensu sun ƙare da dawaki, farashi ya fi ƙarfin albashi, kuma mutumin da ya san dokinsa shi ne na ƙarshe a gidansu ba ya jefa shi inda za a rasa. Ita kuwa Tarayya ta kafa ofishin kula da sojan doki a Yulin 1863, da babbar barga a Giesboro kusa da Washinton inda ake tara dawaki dubbai, a yi jinyar marasa lafiya a mayar da su aiki. Ta kuma fara raba bindigar Spencer mai cin harsashi bakwai a gindinta. Ko 'yan Kudu sun kama ta a ganima, amfaninta na ƙarewa ne da harsashin da aka kama tare da ita, don ba su iya ƙera irinsa.

Ajiye dangi kusa da kai ma ba tsira ba ce. Hampton ya sa 'ya'yansa biyu cikin masu taimaka masa. Ranar 27 ga Oktoban 1864, a Burgess Mill, aka harbi Preston, wansa Wade ya sunkuya a kansa shi ma aka same shi a baya. Uban ya sauka ya rungumi mai mutuwa, ya bar mai raunin a hannun wasu, ya hau doki ya koma ba da umarni har dare.

Stuart kansa ya riga ya ɗanɗana irin wannan. A farkon Nuwamban 1862, yana tsare bayan rundunar Lee da ke janyewa, saƙonni suka yi ta zuwa cewa 'yarsa Flora ƙarama, mai kimanin shekara 5, na kwance da zazzaɓin taifot. Bai bar bakin aiki ba, ta rasu ranar 3 ga wata.

Ƙarshensa ya zo a Mayun 1864. Janar Philip Sheridan na Tarayya ya tashi ranar 9 ga wata da mahaya sama da 10,000 a kan hanya ɗaya, jerin da ya kai tsawon kilomita 21, kuma da gangan ya hana su wuce tafiyar ƙafa, don yana son ya isa da dawaki masu ƙarfi. A daren farko mutanen George Custer suka ƙona tashar Beaver Dam da abincin rundunar Lee da ke jibge a ciki, suka tumɓuke layin dogo suka tsinke waya. Flora da yaranta na zaune a wani gida kusa da wurin. Washegari da safe Stuart ya ratse ya duba su, suka yi 'yar magana yana kan sirdi, ya wuce. Mutanensa ba su kai rabin na Sheridan ba, ya kuma raba su: birged ɗaya ya bi bayan abokan gaba, biyu su yi tsere su sha gabansu. Sun yi tafiyar dare sun isa Yellow Tavern, kilomita 10 arewa da Richmond, ranar 11 ga wata, a kan dawakin da suka gama galabaita. Da la'asar Custer ya kai farmaki a gefen hagu, aka mayar da shi, kuma cikin masu ja da baya a ƙasa wani sojan Michigan da ya rasa dokinsa ya juyo ya harbi wani hafsa mai jan gemu da libarba. Stuart ne, harsashin ya shiga cikinsa. A zamanin ba a buɗe ciki a ɗinke hanji, raunin irin wannan kusan hukuncin kisa ne.

Aka kai shi Richmond, gidan Dakta Brewer, mijin 'yar'uwar matarsa. An aika wa Flora saƙo, amma wayar da Sheridan ya tsinke ta sa ya yi zagaye ya makara, layin dogon da ya lalata kuma ya sa jirgi ya kai ta Ashland kawai, sauran hanyar ta yi ta a keken ɗaukar majinyata cikin hadari da ruwan sama. Stuart ya cika da daren 12 ga Mayu yana da shekara 31. Ta iso bayan kimanin awa huɗu.

Flora ba ta koma gidan mahaifinta a Arewa da zama ba. Ta yi renon 'ya'yanta a Virginia, ta shugabanci wata makarantar 'yan mata a Staunton daga 1880 zuwa 1899, kuma baƙaƙen tufafin takaba ta ci gaba da sawa har rasuwarta a 1923. Cooke ya yi ritaya a 1873, ya zauna a Detroit. Shi da ɗansa John ba su sasanta ba sai da aka shafe sama da shekara 20 da gama yaƙin. John ya rasu a 1891, uban ya bi shi a 1895.